Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Auna Ko Yaro Ya Isa Shiga Ajin Share Fage

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaunar da ɗan shekara biyar a ce ya jero haruffa, ya ƙirga ɗaya zuwa ashirin, in ya iya a ce ya isa. Wannan hadda ce kawai. Akwai yaron da zai rera lambobi har hamsin, amma ka zube masa murafan kwalba bakwai ka ce ya ba ka biyar, sai ya kwaso duka ya miƙo. Abin dubawa shi ne ko yana taɓa abu ɗaya da kowace lamba, kuma ko ya san lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce adadin. Tun 1995 kwamitin manufofin ilimi na Amurka ya raba shirin yaro na shiga makaranta gida biyar: lafiyar jiki da motsin gaɓoɓi, zama da mutane da danne zuciya, yadda yake tunkarar koyo, harshe, sai fahimta da sanin abubuwa. Haruffa da lambobi ɗan yanki ne na biyun ƙarshe.

Wanda aka fi tsallakewa shi ne kame kai, alhali shi ke wahalar da malami a aji. Akwai wasan da masu bincike ke auna shi da shi. A ce wa yaro: "In na ce taɓa kanka, ka taɓa yatsun ƙafa, in na ce yatsun ƙafa, ka taɓa kai." Idan ya kama, a ƙara gwiwa da kafaɗa. Wanda ya yi daidai maki 2, wanda ya kai hannu wurin da ba shi ba sannan ya gyara maki 1, wanda ya kuskure sifili. Wannan gyaran da yaro ke yi da kansa shi ne abin lura, domin ya nuna ya riƙe dokar a ka kuma ya iya tsayar da hannunsa.

Sai yanke hukunci da zama ɗaya. Baƙon mutum, baƙon ɗaki, ga yunwa ko barci, yaro ya yi gum, a rubuta "ba ya magana". Kada zaman ya wuce minti 20 zuwa 30, a yi shi da safe bayan ya ci abinci, wanda ya saba da shi yana kusa. Sauran a tattara su ta kallonsa yana wasa cikin makonnin farko. A rubuta abin da ido ya gani da kwanan wata: "Ya riƙe almakashi da hannu biyu, ya yanka takarda amma bai bi layi ba." Rubuta "ba shi da ƙoƙari" ba ya gaya wa kowa inda za a gyara.

Mai gwajin ma yakan ɓata aikin. Idonsa ya faɗa kan amsar, ko muryarsa ta sauya in yaro ya kusa kuskure, yara kuwa sun iya karanta fuska. A faɗi umarni iri ɗaya ga kowa, a ce "sannu da ƙoƙari" ko ya ci ko bai ci ba. Lokaci-lokaci malamai biyu su ba yaro ɗaya maki kowa daban, su gwada.

A lissafa shekaru da watanni. Tsakanin mai wata 60 da mai wata 71 akwai kusan kashi ɗaya cikin biyar na rayuwar ƙaramin. Haka kuma in aka gwada yaro da harshen da ba shi ake yi a gida ba, harshen aka auna. Mai harshe biyu a haɗa kalmomin da ya sani a duka biyun.

Kafin a ce yaro ba ya gane umarni, a duba ji da gani. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura yana dushe ji ba tare da ciwo ba. Ido kuwa ɗaya-ɗaya ake gwadawa, a rufe ɗayan da kyau, don lafiyayyen yakan rufa wa mai rauni asiri.

Kowane ma'auni da aikinsa. EDI na jami'ar McMaster a Kanada tambayoyi 103 ne da malami ke cikewa, ECDI2030 na UNICEF tambayoyi 20 ne da ake yi wa uwa kan yara masu wata 24 zuwa 59. Dukansu an yi su ne don sanin halin yaran yanki ko ƙasa, ba su da hurumin cewa wane ya faɗi. ASQ-3, jerin tambayoyin da iyaye ke cikewa, yana nuna wanda ya kamata a ƙara bincika ne, ba ya gano cuta.

Mafi muni shi ne a ɗauki sakamakon a mayar da yaro gida ya jira baɗi, inda ba abin da zai canza. Sakamakon na malami ne ya tsara aiki: mai raunin yatsu a ba shi laka da zura duwatsun wuya a zare, mai ƙarancin kalmomi a yawaita masa labari da tambayar "sai me ya faru?" A sake aunawa bayan wata biyu ko uku. In har lokacin yana baya a fanni fiye da ɗaya, ko ya daina abin da a da ya iya, a kai shi wurin likitan yara ba tare da jiran ƙarshen zango ba.