Yadda ake saita ƙaramin injin banso don aikin katako a gida

Wanda ya taɓa fitar da kan allo ko lanƙwasar ƙafar kujera da zarton hannu ya san irin gumin da ake sha, a ƙarshe kuma sai an kwashe awa ana gogar samfefa. Wannan wahalar ce injin banso ke ɗauke wa mutum. Ruwan zartonsa siriri ne, an haɗe bakinsa biyu ya zama kamar bel, yana zagaya wili biyu, sama da ƙasa. Ƙaramin da ake ɗorawa a kan benci, mai wilin inci 9 ko 10, ba ya cin wuri. Galibi motarsa ba ta wuce wat 250 zuwa 400 ba, don haka ƙaramin janareta na iya ɗaukarsa. Sai dai da yawa sukan saya, su yi yanka biyu ya karkace, su tura shi lungu suna cewa kayan wasan yara ne. Sau da yawa laifin na saiti ne.

Tun a wurin saye ka duba farantin da ke jikin motar. Na hannu da ake kawowa daga Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Ka jona shi kai tsaye, ka ƙone motar nan take. Ko ka nemi wanda ya dace da wutarmu, ko ka haɗa da taransifoma mai rage wuta. Ka kuma rubuta tsawon ruwan zarton a jikin injin, domin kowane samfuri da nasa awo. Da ka kai shi gida, ka ɗaure shi da noti a benci mai nauyi, in ba haka ba zai riƙa rawa yana bin ka.

Sai zaɓen ruwa, kuma a nan ne rabin aikin yake. Wanda ke zuwa da injin daga kamfani ba kasafai yake da kirki ba, ni dai shawarata a cire shi a sa sabo. Mai faɗin milimita 6 da haƙora 6 a kowane inci shi ne na yau da kullum: yana yanka miƙe, yana kuma shiga kwana. Kwana mai tsauri sai mai milimita 3. Tsaga katako mai kauri kuwa yana son mai faɗi, kamar milimita 10, da haƙora 3 ko 4, saboda manyan giɓi su ke kwashe dusar katako daga cikin yanka. Ƙa'idar ita ce kada haƙoran da ke cikin katakon su gaza uku a kowane lokaci. Shi ya sa siririn filawud ke son ƙananan haƙora masu yawa.

Yanzu cire filogi daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, balle a garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sallama. Buɗe murfi, ɗora ruwan a kan wili biyun, haƙora suna kallonka, tsininsu kuma yana kallon ƙasa. In ka ga suna kallon sama, ruwan ne a juye, sai ka birkita shi kamar safa. Ja duk boris-boris ɗin, wato ƙananan tayoyin ƙarfe da ke tare ruwan ta gefe da ta baya, su koma baya tukuna, sannan ka murɗa hannun da ke sama har ruwan ya ɗaure. Danna gefensa da yatsa: in ya lotsa kamar milimita 6, ya yi. Juya wilin sama da hannu, kana murɗa notin da ke bayansa kaɗan-kaɗan har ruwan ya zauna a tsakiyar wilin ya daina gudu gaba ko baya.

Bayan nan ne za ka dawo da boris. Na gefe biyu su matso har ya zama kaurin takarda ɗaya kawai ya raba su da ruwan, kuma su tsaya bayan haƙora, don in suka taɓa haƙoran za su dakusar da su. Na baya ya tsaya dab da ruwan, kada ya juya sai an fara yanka. Akwai irinsu a ƙarƙashin tebur, waɗanda kowa ke mantawa. Sa sikwaya, wato ma'aunin kusurwa na kafinta, tsakanin tebur da ruwa ka daidaita, kada ka yarda da lambobin da aka zana a jiki.

Wajen yanka, sauko da makarin sama, wato ƙarfen da ke rufe ruwan a saman tebur, ya rage kamar milimita 5 tsakaninsa da katako. Cire babbar riga, naɗe hannun riga, kada ka sa safar hannu. Bar injin ya kai cikakken gudunsa, sannan ka tura a hankali, yatsunka a gefe, ba a kan layin ba. Yanka dab da zanen fensir ta waje, ragowar samfefa ta cinye. A kwana mai tsauri, fara yin gajerun tsagi daga baki zuwa layi, guntayen za su riƙa zubewa ruwan ya samu sarari. In ka maƙale, kashe injin kafin ka ja baya, don ja da baya yana tuge ruwa daga wili. Icce mai zagaye kuwa kada ka riƙe shi da hannu kawai, zai mirgina ya fizge. Yi masa mazauni mai kwari a tsakiya ka kwantar da shi.

Kunnenka ma ma'auni ne. Madaci yana tafiya lafiya, amma kirya mai kauri za ta sa motar nishi, sai ka sassauta turi. Ƙaurin ƙuna alamar haƙora sun dakushe. Ƙas-ƙas a kai a kai kuma yakan nuna ruwan ya tsage, a kashe a duba kafin ya tsinke. Tsohon katako na rufi ko ƙyaure, a laluba ƙusa tukuna.

Da an tashi daga aiki, sassauta ruwan don kada ya lotsa robar wili, share dusar da ta taru a ƙasa da buroshi, ka rufe injin da buhu, musamman da hunturu.