Yadda za ka tsare aikinka daga abin da ba ya hannunka

Da yawa in za su fara babban aiki, gini ne ko kwangila ko wani shiri na ƙungiya, sai su lissafa kuɗi da ma'aikata da kaya shi ke nan, alhali abin da ya fi kashe aiki daga waje yake zuwa. Faransawa sun fara haƙa mashigin Panama, wato hanyar jiragen ruwa, a 1881, ga kuɗi ga injiniyoyi, amma zazzaɓin cizon sauro da na shawara suka yi ta kashe ma'aikata har kamfanin ya durƙushe a 1889. Da Amurka ta karɓa sai da ta yaƙi sauro sosai, aka gama a 1914.

To kafin ka sa hannu a komai ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ba kai ke juya shi ba, yanayi, canjin kuɗi, dokar gwamnati, zaɓe, hanyar da kaya ke biyowa, har mutanen wurin da za a yi aikin. Kowanne ka tambayi kanka in ya faru kwana nawa zai ci min, kuma nawa. Masu haɗarin ciki ka damƙa wa mutum ɗaya ya riƙa sa ido, don in aka ce na kowa ne babu mai dubawa.

Maganar kuɗi kuwa dan Allah ka ware wani kaso gefe tun farko, ka ƙara 'yan kwanaki a jadawali. In daga waje ake shigo da kayanka sayi muhimman da wuri, a kuma rubuta a yarjejeniya wa zai ɗauki ƙari in farashi ya tashi, kar a bar shi a baki. Kar ka dogara da dila ɗaya ko hanya ɗaya, a Maris 2021 jirgin Ever Given kaɗai ya toshe mashigin Suez kwana 6, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko.

Siyasa ma haka. Gidan opera na Sydney, babban zauren waƙoƙi da wasanni a ƙasar Ostareliya, ana cikin gina shi aka canja gwamnatin jiha a 1965, shekara na zagayowa mai zanen ginin Jørn Utzon ya ajiye aiki, ba a buɗe ba sai 1973. Duk izinin da aka ba ka ka karɓe shi a rubuce.

Takardar nan ka riƙa dawo mata duk wata, da ka hango matsala ka gaya wa mai aikin tun da sauran lokacin gyara.