Yadda Ake Auna Ƙwazon Masu Bugu a Ƙananan Ƙungiyoyin Besbol

Kowane kulob daga cikin 30 na babbar gasar besbol ta MLB yana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu da yake renon 'yan wasa a ciki. Tun garambawul ɗin 2021 jimillarsu 120 ce, a hawa huɗu: AAA a sama, sai AA, sai High-A, sai Single-A. Mai son sanin ko kulob yana da masu bugu na gobe, kada ya tsaya kan yawan wasannin da ƙungiyoyin suka ci, domin reno aka kafa su su yi. Bari mu ɗauki Colorado Rockies, wadda ƙungiyoyinta ke Albuquerque (AAA), Hartford (AA), Spokane (High-A) da Fresno (Single-A).

Da farko, tattaro alƙaluman kowace ƙungiya daga shafukan intanet na FanGraphs ko Baseball-Reference. Ka ajiye duk wanda bai tsaya bugu kamar sau 200 ba a gefe, don ɗan abin da ya yi bai isa a yanke masa hukunci ba.

Na biyu, kada ka dogara da AVG kaɗai, wato ma'aunin sau nawa mai bugu ke yin bugun da ya kai shi tasha. Wannan ma'auni bai ƙirga tafiyar kyauta da mai bugu ke samu idan mai jifa ya kauce sau huɗu, kuma a wurinsa bugun da ya kai mutum tasha ɗaya daidai yake da wanda ya tsallake katanga. Dubi OBP, wanda ke nuna sau nawa mutum ke isa tasha, da SLG mai auna yawan tashoshin da bugun mutum ke kai shi. Idan ka cire AVG daga SLG, abin da ya saura shi ne ISO, wato zallar ƙarfi.

Na uku, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa: tambayi inda aka yi bugun. Albuquerque tana kan tudu, kimanin mita 1,600 sama da teku. Iskar wurin ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya da nisa, jifa mai lanƙwasa kuma ba ya lanƙwasa yadda ya kamata. Ga shi a gasar Pacific Coast League take, tare da Reno, Salt Lake, Las Vegas da El Paso, duk wuraren da mai bugu ke shan sharafi. Akasin haka ake gani a Florida State League, inda masu jifa ke da rinjaye. Saboda haka SLG na .500 a Albuquerque yana iya zama abin da kowa ke yi, alhali .450 a Hartford, cikin Eastern League, ya fi shi daraja.

Maganin wannan shi ne wRC+, wanda ke kwatanta mutum da sauran 'yan gasarsa: 100 shi ne matsakaici, 130 na nufin ya fi matsakaici da kashi 30 cikin ɗari. Amma fa a ƙananan gasanni, kada ka ɗauka wRC+ ya cire tasirin filin gida gaba ɗaya. Dole ka raba abin da ɗan wasa ya yi a gida da na waje ka gani da idonka. Shekarar wasan ma abin lura ce: a 2019 AAA ta koma amfani da ƙwallon MLB, bugun tsallake katanga ya yi tashin gwauron zabi, don haka ba a jera lambobin 2018 da na 2019 kamar abu ɗaya.

Na huɗu, shekarun haihuwa. A ganina wannan ya fi komai nauyi bayan gasa. Baseball-Reference yana da layin AgeDif, mai nuna tazarar ɗan wasa da matsakaicin shekarun abokan karawarsa. Ɗan shekara 20 mai wRC+ 110 a AA ya fi ɗan shekara 28 mai 140 a AAA alamar makoma, nesa ba kusa ba. AAA cike take da tsofaffin hannu masu jiran a kira su idan wani ya ji rauni, suna ƙawata lambobin ƙungiya ba tare da sun ƙara wa kulob komai na gaba ba. Juan Soto ya fara kakar 2018 a Hagerstown, ƙasan tsani, kafin watan Mayu ya ƙare yana Washington Nationals yana da shekara 19. Irin wannan hawan ake nema, ko da bai kai nasa sauri ba.

Na biyar, dubi K% da BB%, wato yawan fitar da mutum da jifa uku da yawan tafiyar kyauta. Su ne suke saurin bayyana gaskiyar mai bugu. Wanda K% ɗinsa ya haura 30 tun a Single-A, wahala na jiransa a sama komai ƙarfinsa. Duba BABIP ma, wato sau nawa ƙwallon da aka buga cikin fili ke kai mai bugu tasha: yawanci yana yawo kusa da .300, idan ka ga .400 to akwai hannun sa'a, kuma zai sauko.

Idan ɗan wasan yana AAA ko Florida State League, shafin Baseball Savant na da saurin fitar ƙwallo daga sandarsa. Mil 95 a awa zuwa sama shi ake kira bugu mai ƙarfi, kuma tudu ba ya ƙara masa komai.

Daga nan sai ka haɗa lissafi. A kowane hawa, ƙirga waɗanda suka cika sharuɗɗa uku: sun gaza matsakaicin shekarun gasar, wRC+ ɗinsu ya wuce 100, K% ɗinsu bai yi yawa ba. Ka sassauta wa mai tsugunne bayan mai bugu yana cafe jifa, da mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, domin aikin tsaronsu ya fi wuya. Ka tsaurara wa na tasha ta ɗaya. Waɗanda suka tsallake a AA su za ka fi ba nauyi, don a can ne masu jifa ke fara iya sa ƙwallo inda suke so. Sai ka maimaita lissafin ga wasu kulob biyu ko uku na rukunin Rockies, kamar Dodgers da Giants, ka ga inda take a tsakaninsu.