Yadda Ake Bin Sawun Modul Ɗin da Ya Ƙi Shigowa a Django

Idan manhajar da ka gina da Django, wato tsarin gina manhajojin yanar gizo da yaren Python, ta ƙi tashi saboda wani modul (fayil ko kundin lambobin Python da ake shigowa da shi ta import) bai shigo ba, ka fara tantance ko modul ɗin babu shi ne kwata-kwata, ko kuwa yana nan amma wani abu ya karye a cikinsa. Tun daga Python 3.6, wanda ya fito a 2016, rashin samun modul yana da nasa kuskuren mai suna ModuleNotFoundError, wanda reshe ne na ImportError, kuma yana ajiye sunan abin da aka nema a cikin wata sifa tasa mai suna name. Ka duba sunan nan da kyau, domin sau da yawa za ka tarar naka modul ɗin lafiyarsa ƙalau, wani daban da yake kira daga ciki ne ya ɓace.

Daga nan sai ka buɗe python manage.py shell, ka shigo da modul ɗin da hannunka, ka karanta sawun kuskuren (traceback) daga ƙasa zuwa sama. Idan ba a same shi ba, ka duba sys.path, wato jerin wuraren da Python ke neman modul, ka kuma tabbatar cewa keɓaɓɓen muhallin (virtual environment) da sabar ke amfani da shi shi ne wanda ka girka kayan a ciki. Umarnin python -vv yana nuna kowane fayil da aka leƙa yayin neman.

Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci, a ganina, shi ne al'adar kama ImportError sannan a rubuta pass a wuce. Wannan yana binne shaidar gaba ɗaya, musamman da yake Python na cire modul ɗin da ya gaza daga sys.modules, wato rumbun modul ɗin da aka riga aka loda, sai matsalar ta ɓullo can gaba da wata fuska dabam. In dole ne ka kama kuskuren, ka rubuta shi da logging.exception, ka kwatanta name da sunan da kake tsammani, in sun saɓa ka sake jefa shi da raise.

Idan saƙon ya ambaci modul da bai gama lodawa ba, galibi fayiloli biyu ne ke kiran juna. A tsakanin modelolin Django, wato azuzuwan da ke bayyana teburan bayanai, ana warware wannan ta hanyar rubuta sunan modelin a matsayin rubutu cikin ForeignKey, wato filin da ke haɗa model da wani model, ko a mayar da shigowar cikin aikin (function) da ke buƙatarta. Ka kuma kula kada fayil ɗinka ya ɗauki suna irin email.py, domin yana iya tare modul ɗin Python na asali mai wannan suna. Duba __file__ zai nuna maka wanda aka loda.