Darasi na Tara: Yadda Ake Hana Kwamfuta Raba Fayiloli Kashi-Kashi Bisa Kwanan Wata

Duk abin da mutum ya sauke daga intanet, ko takardar neman aiki ce, ko rasit ɗin kuɗin makaranta, ko hoto, kwamfuta mai aiki da Windows tana ajiye shi ne a wata folda mai suna Downloads, sai fa idan an nuna mata wani wurin. A da, fayilolin da ke cikin wannan folda suna fitowa a jeri guda daga sama har ƙasa. Tun daga sabuntawar da kamfanin Microsoft ya yi wa Windows 10 a watan Mayu na 2019, foldar ta koma raba su kashi-kashi bisa rana, kowane kashi da taken da aka rubuta masa a sama. Za ku ga Today a kan na yau, Yesterday a kan na jiya, Last week a kan na makon jiya, Last month a kan na watan jiya, har zuwa A long time ago, inda ake tara duk waɗanda suka daɗe. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, ita ma ta gaji wannan tsari.

Ga wanda ya sauke takarda yanzu kuma yake son buɗe ta nan take, tsarin yana da amfani, domin zai same ta a can sama. Matsalar tana ga wanda ya san sunan fayil ɗinsa amma ya manta ranar da ya shigo. Ko da ya umarci kwamfuta ta jera fayiloli bisa suna, za ta jera su ne a cikin kowane kashi daban, wato haruffa su faro daga A a ƙarƙashin na yau, su sake farowa daga A a ƙarƙashin na jiya, haka har ƙasa. Abin ya yi kama da telan da yake tara ɗinki bisa ranar da aka kawo masa yadi maimakon bisa sunan mai shi. Duk wanda ya zo karɓa sai ya tuno ranar, in ba haka ba a yi ta ɗaga tari bayan tari.

Akwai kuma abin da ya fi wannan rikitarwa. Ranar da kwamfuta take dubawa ita ce ranar da aka yi wa fayil gyara na ƙarshe, abin da take rubutawa da Date modified, kuma ba kullum take dacewa da ranar da fayil ya shigo hannunku ba. Idan kuka kwafo takarda daga filashin wani yau da safe, alhali shi ya rubuta ta tun shekarar da ta wuce, takardar za ta zo da tsohon kwanan watanta, ta faɗa can ƙasa cikin waɗanda suka daɗe, ku kuwa kuna ta nemanta a sama. Haka nan tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan koma wata tsohuwar rana idan aka kashe ta, sai ta riƙa buga wa sababbin fayiloli kwanan watan da ba daidai ba. Sannan kowane take yana da ƙaramar kibiya a gefensa, wadda idan hannu ya taɓa ta bisa kuskure sai kashin ya naɗe, fayilolin da ke ƙarƙashinsa su ɓuya baki ɗaya. Sau da yawa wanda ya zo yana cewa takardarsa ta ɓace, wannan ne kawai ya faru da shi.

Kafin ku taɓa komai, ku riƙe wannan da kyau: rabon nan na gani ne kawai. Kwamfuta ba ta buɗe wasu foldoji na yau da na jiya ba, ba ta kuma ɗauke fayil ko ɗaya daga inda yake ba. Saboda haka cire rabon ba ya goge komai, kuma duk ranar da kuka so kuna iya dawo da shi.

Cire rabon

Ku riƙe maɓallin da ke ɗauke da tambarin Windows a madannai, sannan ku danna harafin E, sai tagar da ake duba fayiloli ta buɗe, wato File Explorer. A gefen hagu ku latsa Downloads. Daga nan ku kai kibiyar linzami wani fili a cikin tagar inda babu rubutu, ku danna ɓangaren dama na linzamin sau ɗaya. A nan ne sababbin ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, domin idan kibiyar tana kan wani fayil, jerin da zai fito na fayil ɗin ne, mai ɗauke da umarnin kwafa da gogewa, kuma ba shi ake nema ba. Idan haka ta faru, ku danna maɓallin Esc da ke saman madannai ta hagu, ku sake neman fili. Idan foldar ta cika maƙil, ku gangara zuwa ƙarshenta, ko ku duba can gefen dama.

A jerin da ya fito za ku ga Sort by da Group by, ɗaya a saman ɗaya. Na farko shi ne mai jerawa, na biyu shi ne mai rabawa, kuma da na biyun za ku yi aiki. Ku ɗora kibiya a kan Group by, wani ƙaramin jeri zai buɗe a gefe, sai ku latsa kalmar None, wadda aka rubuta a tsakanin baka biyu. Nan take taken yau da na jiya za su gushe, fayilolin su haɗu a jeri guda. Yanzu ne ya dace ku koma Sort by ku zaɓi Name, idan kuna son jeri bisa suna. Wanda kuma ya fi son ganin sabon fayil a sama yana iya barin jerin a kan Date modified, ya samu abin da yake so ba tare da rabo ba, kuma a ganina wannan ya fi dacewa da foldar da ake sauke abubuwa a cikinta kullum.

Masu karatu a Nijar da Kamaru da Chadi za su iya tarar da kwamfutar tana Faransanci, inda foldar take da suna Téléchargements. Kalmomin ne kawai suka bambanta, matakan da mazaunin kowane umarni duk ɗaya ne.

Yadda gyaran zai zauna

Wani lokaci rabon yakan dawo bayan an rufe tagar, don haka akwai mataki na biyu. Kuna cikin foldar da kuka gyara, ku nemi Options. A Windows 10 yana ƙarƙashin View a saman taga, can ƙarshen dama; a Windows 11 kuwa yana cikin ɗigo uku da ke jere a saman taga. Ƙaramar taga za ta buɗe, ku latsa View a samanta, sannan ku latsa Apply to Folders. Kwamfuta za ta tambaya ko kuna son duk foldoji irin wannan su bi tsarin wannan foldar, sai ku amsa da Yes, ku rufe da OK. Ku kula da maɓallin da ke maƙwabtaka da shi, Reset Folders, domin aikinsa shi ne mayar da tsarin da Windows ta zo da shi, wato ya warware abin da kuka gama yi.

Sauran wuri guda shi ne tagar da take buɗewa sa'ad da za ku liƙa takarda a imel, ko za ku ɗora hoton fasfo a fom ɗin intanet. Wannan taga tana riƙe da nata tsarin daban, shi ya sa za ku iya ganin rabon a cikinta bayan kun cire shi a can. Maganin bai sauya ba: dannawar dama a fili, Group by, sannan None.

Bayan babbar sabuntawa ta Windows rabon yana iya sake bayyana, kuma wannan ba alamar lalacewar kwamfuta ba ce, maimaita matakan ya isa. Za ku iya haɗuwa da mai ba ku shawarar a shiga rumbun saitunan Windows da ake kira Registry a kashe abin daga tushe. Mai koyo ya nisanci wannan wuri, domin kuskuren layi ɗaya a cikinsa yana iya hana kwamfuta tashi, kuma hasarar ta fi ƙarfin ɗan gyaran da ake nema.

Aikin gwaji

Ku zauna bibbiyu a gaban kwamfuta ɗaya. Na farko ya buɗe Downloads ya naɗe kashi ɗaya da ƙaramar kibiyar nan, sannan ya faɗa wa abokinsa sunan wani fayil da ke ɓoye a ciki. Na biyu ya cire rabon, ya jera fayilolin bisa suna, ya nuna wa malami fayil ɗin da aka ambata. Bayan haka ya dawo da rabon ta hanyar zaɓar Date modified a ƙarƙashin Group by, su yi musayar kujera. Kowa ya rubuta matakan a littafinsa da nasa kalmomin, ya zo da su aji na gaba.