Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gwajin Matsalar Koyo ga Matasa da Manya

Akwai yaron da zai kai shekara 15 yana gane bayanin malami sarai, yana amsa tambaya da baki ba gargada, amma da an miƙa masa takarda ya karanta sai harshensa ya sarƙe. Akwai kuma magidancin da har yau gabansa ke faɗuwa idan aka ce ya cike fom a gaban mutane. Irin waɗannan ne gwajin masana halayyar ɗan Adam ya fi yi wa amfani, kuma a kansu aka fi tafka kurakurai.

Na farko shi ne cewa "ai ya girma, lokaci ya wuce". Bai wuce ba. Kundin DSM-5, littafin ƙa'idojin gano matsalolin ƙwaƙwalwa wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, ya bayyana cewa matsalar koyo tana farawa ne tun shekarun makaranta, amma tana iya ɓuya har sai nauyin karatu ya fi ƙarfin dabarun da mutum yake rufe ta da su. Yaro mai kaifin hadda zai iya ƙetare firamare ba wanda ya lura, sai sakandare ko jami'a ta tona. Ga manya har shekara 90 akwai gwajin basira mai suna WAIS, wanda ake fara amfani da shi daga shekara 16.

Kafin a je ko'ina, a duba ido da kunne. Wanda bai ganin allo sosai tabarau yake buƙata, kuma ƙa'idar DSM-5 kanta ta ce sai an kawar da wannan kafin a ce mutum na da disleksiya, wato matsalar koyon karatu.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na harshe. Waɗannan gwaje-gwaje ba ma'auni ba ne da ya faɗo daga sama. An gwada su ne a kan dubban mutane a wata ƙasa, masu wani harshe da wani tsarin makaranta, sannan ake kwatanta makin kowa da nasu. To idan aka ɗauki matashin da harshen gwajin shi ne harshensa na biyu ko na uku, aka tambaye shi ma'anar kalmomin da bai taɓa ji a gida ba, ƙarancin makinsa me ya nuna? Ya nuna bai ƙware a harshen ba, ba wai ƙwaƙwalwarsa na da tangarɗa ba. Haka wanda ya yi shekaru bai samu malami tsayayye ba. Na tabbata an liƙa wa mutane da dama sunan da ba nasu ba ta wannan hanya, kuma sunan kan bi mutum har tsufa. Gyaran shi ne ku tambayi mai gwajin kai tsaye: da su wa za a kwatanta makin, kuma yaya zai yi la'akari da harshe da tarihin karatun wanda ake gwadawa? Ƙwararre na gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba, zai ma rubuta iyakar gwajin a cikin rahoto.

Sai kuma manne wa lamba guda. Iyaye sukan ji an ce matsakaicin makin basira 100 ne, sai su ce a faɗa musu nawa ɗansu ya ci, shi ke nan. Alhali wannan lambar tana haɗa abubuwa daban-daban: fahimtar magana, tunani da siffofi, riƙe bayani a ka na ɗan lokaci, da saurin aiki. Mutum zai iya yin fice a ɗaya ya yi ƙasa sosai a wani, jimillar ta fito daidai wa daida, matsalar ta ɓace a ciki. Bugu da ƙari, gwajin basira shi kaɗai ba ya gano matsalar koyo. Dole a haɗa da gwajin karatu da rubutu da lissafi, irin su WIAT ko Woodcock-Johnson. A ciki akan ba mutum kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana ya karanta, domin a nan hadda ba ta ceto, sai dai iya haɗa harafi da sautinsa. A da, sai an ga tazara mai faɗi tsakanin basira da ƙoƙarin makaranta ake yarda akwai matsala, amma DSM-5 ya sauke wannan sharaɗi.

Tambayoyi goma na intanet ba gwaji ba ne. Iyakarsu su sa ka nemi ƙwararre.

Wasu kuma kunya ke sa su ɓoye tarihi. A kawo tsofaffin sakamakon jarrabawa da littattafan rubutu, a faɗi idan akwai wani a dangi da ya sha irin wannan wahala, domin abin yana bin jini. A faɗi batun rashin barci, fargaba, baƙin ciki mai tsanani ko kasa tattara hankali irin na ADHD, wanda sau da yawa yake tafiya tare da matsalar koyo. Kada a nemo tambayoyin a yi bita, kada kuma a maimaita gwaji iri ɗaya cikin 'yan watanni, don sabo yana ɗaga maki ya rufe gaskiya. Shi kuwa matashi, a gaya masa inda za a je da dalili. Wanda aka yaudara ko aka kai shi kamar mai laifi ba zai saki jiki ya nuna iyawarsa ba.

Bayan duk wannan wahala, sai a karɓi rahoto a jefa a durowa. Ku nemi zama da mai gwajin ya fassara shi da magana mai sauƙi, wanda aka gwada yana wurin. Ku sa a rubuta taimakon da ake buƙata ƙarara: ƙarin lokaci a jarrabawa, ɗaki mara hayaniya, manhajar da ke karanta rubutu da murya, ko koyarwa mai tsari kan haruffa da sautukansu. Sannan ku tambayi makarantar ko hukumar jarrabawar tun da wuri ko suna da sharaɗi kan shekarun rahoto, domin wasu ba sa karɓar wanda ya daɗe.