Kurakuran da ake yi wajen auna ɗan wasa da alƙaluman kwana da firikik

Ana hutun rabin lokaci a wani gidan kallon ƙwallo da ke Samaru, sai wani matashi ya miƙo mini wayarsa. "Yaya, duba nan. Damarmakin cin ƙwallo biyar gwanina ya ƙirƙira, naka ko biyu bai kai ba." Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, huɗu cikin biyar ɗin daga kwana suka fito. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, daga Samaru har Tudun Wada: cakuɗa ajiyayyar ƙwallo, irin su kwana da firikik, da wadda ake bugawa wasa na gudana.

Mai bugun kwana ajiye ƙwallonsa yake yi, ya ja da baya, ya ɗaga hannu. Doka ta nisanta abokan hamayya da shi mita 9.15. Ɗan tsakiya kuwa mutum biyu ne a wuyansa kafin ya juya. Ina haɗin? A Gasar Kofin Duniya ta 2018, Kieran Trippier ya fi kowa ƙirƙirar damarmaki, alhali ɗan baya ne. Ba don ya fi De Bruyne basira ba, sai don shi ke buga wa Ingila kwana da firikik, kuma 9 daga cikin ƙwallaye 12 da suka ci daga ajiyayyar ƙwallo suka zo, har da fenareti. Gyaran mai sauƙi ne: raba alƙaluman gida biyu kafin ka buɗe baki.

Sai kallon jimilla. Ƙungiyar da ke danne abokan karawarta ta fi samun kwana, don haka mai bugunta zai tara adadi ko da ƙafarsa ba ta kai ta kawo ba. Raba damarmakin da yawan bugun da ya yi. Wanda ya buga 40 aka samu hari 12 ya fi wanda ya buga 100 aka samu 20.

Inda na fi samun saɓani da mutane shi ne batun wanda ya taimaka aka ci. Ka buga kwana mai kyau zuwa tirken kusa, wani ya goga mata kai, na uku ya tura raga. A littafi, mai gogawar ne ya taimaka. Kai ko sunanka ba za a gani ba. Haka kuma, ƙwallo ɗaya ce za ka ɗaga wa Gabriel na Arsenal ta shiga, ka ɗaga wa gajeren ɗan baya ta wuce. Arsenal ɗin ma ai tun 2021 take da Nicolas Jover, kocin da aikinsa kenan: wa zai tare gola, wa zai ja mai gadi gefe. Rabin abin da muke yaba wa ƙafar Saka ko Rice, a filin atisaye aka dafa shi. Don haka ka duba ko ƙwallon ta wuce mutumin farko, wato mai tsaron da ya fi kusa da mai bugun, ko ta sauka inda aka nufa, da kuma wanda ya fara taɓa ta.

Kason fasin da ya isa ga abokin wasa ma yaudara ne a nan. Gajeriyar kwana kusan kullum tana isa. Wadda aka jefa cikin cunkoso ta fi faɗawa kan abokan hamayya, amma ita ce mai haɗari.

Akwai kuma gaggawar yanke hukunci. Kimanin kwana 3 cikin 100 ne ke zama ƙwallo, to wasa shida me zai nuna maka? Jira kaka guda, in son samu ne biyu. James Ward-Prowse bai yi suna da wata ɗaya ba. Shekaru ya kwashe kafin ya tara ƙwallaye 17 da ya ci da firikik a Firimiya, saura ɗaya ya kamo Beckham.

Shi kuwa matashin nan, da aka dawo daga hutu na ce masa, "Ƙanena, ƙirga mini kwanar da ta wuce mutumin farko." Gwaninsa ya buga huɗu. Ɗaya ce ta wuce.